ZARE: Fatar da makiyayi ya tsinta a kogo, da tsohuwar gardama a kan Ishaya 53

1/
Zaren yau na tarihi ne, kuma dogo ne, a gyara zama. 🧵

Akwai tambayar da kusan duk matashin Kirista ya taɓa sha, ko a aji, ko a majalisa, ko nan intanet: "Annabcin nan da kuke cewa Yesu ya cika, wa ya sani ko sai da komai ya faru aka koma aka gyara rubutun?"

Tambayar tana da nauyi, kada a yi fushi da mai yin ta. Mu bi ta daki-daki.

2/
Nauyinta ya zo ne daga cewa tun farko Kiristanci ya ɗaure kansa da tsohon rubutu. Wajen shekara ta 54, Bulus ya aika wa mutanen Korinti wasiƙa. A sura 15 ya tuna musu abin da shi ma karɓa ya yi: mutuwar Almasihu da tashinsa, ya ce duka bisa ga Littattafai suka faru. Littattafan da yake nufi na Yahudawa ne, waɗanda muke kira Tsohon Alkawari. Lokacin ba a haɗa Sabon Alkawari ba tukuna.

3/
Me ya mayar da su ga tsohon rubutu? Gicciye. Yau muna ganin sa a sarƙar wuya da bangon coci. A wancan zamani kuwa hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, a tuɓe mutum a rataye shi bakin hanya don kowa ya shiga taitayinsa. Ga kuma Attaura, Maimaitawar Shari'a sura 21, ta ɗora la'ana a kan wanda aka rataye a itace. Ka tari Bayahude ka ce masa wannan ne Almasihu? To sai ka zo da hujja.

4/
In kana son ganin yadda ake kallon abin: a 1857 an gano wani zane da aka karce a jikin bango a tudun Palatin, birnin Roma. Mutum ne a kan gicciye amma da kan jaki, wani na tsaye gefe ya ɗaga hannu. A ƙasa an rubuta da Girkanci wai Alekzamenos ne ke bauta wa allahnsa. Zolaya ce ta wajen ƙarni na 2 zuwa na 3, irin hoton shaƙiyancin da yau za a yi ta turawa a WhatsApp.

5/
Yahudawa da dama sarki suke jira daga zuriyar Dawuda, wanda zai fatattaki Romawa. Shi ya sa a 132, da wani jarumi mai suna Shimon ya ɗaga tutar tawaye, babban malaminsu Akiba ya danganta shi da tauraron da aka ambata a Littafin Ƙidaya sura 24. Daga nan laƙabin Bar Kokba, wato ɗan tauraro. A 135 Romawa suka murƙushe shi, zance ya mutu. Haka aka saba: a kashe jagora, mabiya su watse.

6/
Almajiran Yesu ba su watse ba. Sun ce sun gan shi a raye, suka koma suna sake karanta littattafan da suka taso da su. Luka sura 24 ta kawo labarin mutum biyu a hanyar Imuwasu, gwiwa a sanyaye, Yesu yana bi da su daga Musa har annabawa yana nuna musu wahalar nan tana cikin shiri tun asali. Nassoshin da aka riƙa kawowa sun haɗa da Mika 5 a kan Baitalami, Zakariya 9 a kan sarki bisa jaki, da Zabura 22.

7/
Amma gagarabadau a cikinsu shi ne Ishaya, daga 52:13 zuwa ƙarshen sura 53. Maganar wani Bawan Ubangiji ce. An rena shi, an guje shi, jama'a sun zaci Allah ne ke hukunta shi, ashe laifin wasu ya ɗauka. Bai kare kansa ba, an kwatanta shi da abin yanka. Ya mutu an binne shi. Amma ƙarshen surar sai ga shi an ɗaukaka shi, mutane da yawa sun kuɓuta ta dalilinsa.

8/
Mutum na farko da Sabon Alkawari ya nuna mana riƙe da wannan sura yana karantawa, ɗan Afirka ne. Ayyukan Manzanni sura 8: ma'ajin sarauniya Kandake, yana komawa gida daga Urushalima a keken doki. Kandake sarauta ce ta matan daular Kush, hedikwatarsu Merowe, arewa da Kartum a Sudan ta yau. Littafinmu ya ce Habasha saboda sunan da Girkawa ke kiran ƙasashen kudu da Masar ke nan.

9/
Mutumin nan dandaƙaƙƙe ne, irin bayin fadar da ake hana wa haihuwa. Attaura ta taƙaita wa irinsa shiga taron sujada, amma sura uku gaba da inda yake karantawa, Ishaya 56, an yi wa irinsa da baƙi alkawarin wuri a gidan Allah. Filibus ya same shi a hanyar Gaza, shi kuwa ya yi tambaya guda: annabin nan da kansa yake, ko da wani? Ku riƙe wannan tambaya. Ita ce kan zaren gaba ɗaya.

10/
Ba kowa ne ya so wannan jingina da littattafan Yahudawa ba. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Markiyon, daga Sinop a Turkiyya ta yau, ya zo Roma ya ce a yar da Tsohon Alkawari baki ɗaya, a tsaya ga Luka da ya rage da wasiƙun Bulus goma. Wajen 144 ikkilisiya ta raba gari da shi. Sun gane in ka tsige annabawa, kalmar "Almasihu" kanta ta zama fanko, don a can aka yi alkawarinsa.

11/
Wata matsala: yawancin Kiristocin farko ba sa jin Ibraniyanci. Fassarar Girkanci suke karantawa, wadda ake kira Seftuwajin. Yahudawa ne suka yi ta a Iskandariya ta Masar. An fara da Attaura a ƙarni na 3 kafin haihuwar Yesu, sauran littattafan suka biyo baya, Ishaya wajen ƙarni na 2 kafin haihuwarsa. To ka ga, mutum biyu na gardama, ɗaya da fassara a hannu, ɗaya da asali. Dole a yi rigima.

12/
Wajen 160, wani masanin falsafa mai suna Jastin, haifaffen garin da yau ake kira Nablus, ya rubuta doguwar muhawara tsakaninsa da wani Bayahude, Tirifo. Hujjar Tirifo: annabawa sun yi alkawarin sarki mai ɗaukaka, naku kuwa an gicciye shi. Amsar Jastin: zuwa biyu ne aka faɗa, na farko cikin ƙasƙanci, na biyu cikin ɗaukaka. Jastin bai tsaya a baki ba, wajen 165 aka fille masa kai a Roma saboda bangaskiyarsa.

13/
A nan aka fara shahararriyar gardamar Ishaya 7:14. Kalmar Ibraniyanci "alma" tana nufin yarinya matashiya da ta isa aure. Masu fassarar Iskandariya suka sa "partenos", wadda galibi ke nufin budurwar da ba ta san namiji ba, kuma ita Matiyu ya ɗauka. Tirifo ya ce maganar Sarki Hezekiya ce. Jastin ya ce Yahudawa ne da kansu suka zaɓi kalmar tun kafin a haifi Yesu, kuma haihuwa ta yau da kullum ba ta zama alama.

14/
Ga wani wuri da ya kamata a faɗi gaskiya. Jastin ya zargi Yahudawa da goge wasu kalmomi daga Zabura 96, masu nuna Ubangiji yana mulki daga kan itace. Bincike ya nuna kalmomin ba su cikin Ibraniyanci tun asali, wasu masu kwafi na Kirista ne suka ƙara a nasu. Ashe zargin "kun canza littafi" tsoho ne, kuma har namu sun taɓa jifan wasu da shi ba bisa ƙa'ida ba.

15/
Wanda ya ce a daina zargi a zauna a duba shi ne Orijin, mutumin Iskandariya, a ƙarni na 3. A Kaisariya ya yi wani aiki mai suna Heksafla: Tsohon Alkawari a layi shida gefe da gefe. Ibraniyanci, Ibraniyanci da haruffan Girka, sai fassarori huɗu na Girkanci. Duk inda aka sami ƙari ko ragi ya sa alama. Da hannu fa, ba kwamfuta. Shekaru masu yawa aikin ya ci.

16/
Shi dai Orijin, a littafin da ya mayar wa wani mai sukar Kiristanci, Selsus, martani wajen 248, ya ba da labarin zamansa da malaman Yahudawa a kan Ishaya 53. Suka ce masa Bawan nan al'ummar Isra'ila ce gaba ɗaya, da aka warwatsa tana shan wuya cikin al'ummai. Ya ce musu to aya ta 8 fa, inda aka ce saboda laifin mutanen Allah aka buge shi? Ta yaya wanda aka buga da waɗanda aka buge shi dominsu za su zama abu guda?

17/
Wajen 390 zuwa 405, Jerom ya zauna a Baitalami ya fassara Tsohon Alkawari zuwa Latin kai tsaye daga Ibraniyanci, da taimakon malaman Yahudawa. Agustin kuma, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya kawo wata hujja mai kaifi: littattafan nan a hannun Yahudawa suke, su kuwa ba su yarda da Yesu ba. Wa zai ce Kirista ne ya ƙirƙiro annabcin da abokin gardamarsa ke ajiye da shi yana karantawa a majami'a?

18/
Su ma Yahudawa bakinsu bai zo ɗaya ba. Targum, wato tsohuwar fassarar Ishaya zuwa Aramaik, ta kira Bawan Almasihu ƙarara, sai dai ta juya wahalar ta ɗora wa wasu. Talmud, a Sanhedrin 98b, ya danganta aya ta 4 da Almasihu mai ɗauke da cuta. Daga baya Rashi, malamin garin Troyes na Faransa da ya rayu 1040 zuwa 1105, ya ƙarfafa fassarar cewa Isra'ila ce, ita ta fi rinjaye a wurinsu har yau.

19/
Kuma ba da ka suke magana ba. A Ishaya 41 da 49 an kira Isra'ila bawan Allah da suna. Kirista kuma ya ce a ci gaba da karanta sura 49 ɗin: ayoyi kaɗan gaba, aikin Bawan shi ne ya komo da Isra'ila wurin Allah, don haka dole akwai wani a cikin al'ummar da ke tsaya mata. Sannan sura 53 ta ce ba a sami laifi a gare shi ba, alhali Ishaya tun sura 1 yake jero laifofin jama'arsa.

20/
Yanzu mu je Barcelona, ita dai wadda kuka sani. Yuli 1263, Sarki Yakubu na Ɗaya na Aragon ya kira muhawara a fadarsa. Gefe ɗaya Pablo Kiristiyani, Bayahuden da ya zama Kirista. Ɗaya gefen Musa ɗan Nahman, babban malamin Yahudawan Girona. Malamin ya roƙi a bar shi ya faɗi ransa, sarki ya amince. Hujjarsa: Ishaya 2 ta ce zamanin Almasihu za a mayar da takuba kayan noma, ga shi kuwa duniya cike da yaƙi.

21/
A nasa labarin, sarki ya sallame shi da kyautar dinari 300. Amma da ya rubuta abin da ya faru, sai aka taso shi gaba, ya bar ƙasar da tsufansa, ya isa ƙasa mai tsarki a 1267. Kafin nan, bayan wata muhawara a Paris a 1240, an ƙona amalanke-amalanke na Talmud a 1242. Abin kunya ne a tarihinmu. Sura mai maganar wanda bai rama ba, aka ɗauke ta ana tsangwamar mutane da ita.

22/
Duk wannan gardamar ma'ana ce. Akwai ta biyu, ta takarda. Har zuwa 1946, cikakkun kwafin Tsohon Alkawari na Ibraniyanci mafi tsufa su ne Kundin Aleppo, na wajen 930, da Kundin Leningrad da aka rubuta a Alƙahira wajen 1008. Wato kimanin shekara 900 bayan Yesu. Akwai na Girkanci na ƙarni na 4, kamar Kundin Sinai, amma Kiristoci ne suka kwafe su. Mai shakka yana da wurin tsayawa.

23/
Me ya sa tsofaffin suka ɓace? Fata da takarda suna ruɓewa, ga yaƙe-yaƙe da gobara. Kuma al'adar Yahudawa ce in littafi mai sunan Allah ya tsufa, a ajiye shi a ɗaki na musamman, daga baya a binne shi. Malaman da ake kira Masoret, musamman na Tibariya, sun yi tsananin kula, har ƙirga kalmomi da haruffa suke yi. Amma ba wanda ya taɓa riƙe Ishaya na kafin zamanin Yesu a hannu.

24/
Sai ƙarshen 1946 zuwa farkon 1947. Wasu makiyaya Larabawan ƙauye, 'yan ƙabilar Ta'amira, suna kiwo a duwatsun Kumran, arewa maso yammacin Tekun Gishiri. Yadda aka fi ba da labarin, an jefa dutse cikin wani kogo sai aka ji ƙarar fashewar tulu. Saurayin da ya fara shiga sunansa Muhammad, ana masa laƙabi da Az-Zi'ib, wato kyarkeci. Ya tarar da dogayen tuluna, a ciki akwai fatu a naɗe cikin ƙyalle.

25/
Suka kai Baitalami, abin ya faɗa hannun wani baduku mai sayar da kayan tarihi da ake kira Kando. Ta wurinsa Mar Samuel, babban limamin cocin Siriyan Otodoks a gidan ibada na Markus a Urushalima, ya sayi guda huɗu a kan fam 24 na Falasɗinu, kusan dala 100. Cikinsu har da littafin Ishaya. Ku lura da hannayen da abin ya bi: Musulmi ya tsinta, Kirista ya saya, ga Bayahude na tafe.

26/
Bayahuden shi ne Farfesa Eleazar Sukenik na Jami'ar Hibru. Ranar 29 ga Nuwamba 1947 ya hau motar haya zuwa Baitalami, gari ya ɗau zafi, don ya karɓo wasu daga sauran littattafan. A ranar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'ar raba Falasɗinu. Guda uku ya samu a ƙarshe, ɗaya a ciki kwafi na biyu ne na Ishaya, amma ba cikakke ba.

27/
Fabrairu 1948 aka kai na Mar Samuel wata cibiyar binciken Amurkawa a Urushalima. Wani matashin masani, John Trever, wanda ya iya ɗaukar hoto, ya ɗauki littafin Ishaya shafi-shafi ya aika wa William Albright, gwanin tsoffin rubuce-rubuce a Amurka. Albright ya duba salon haruffan ya ce wannan na wajen shekara 100 ne kafin haihuwar Yesu. Wasu masana suka ce ƙarya ne, na tsakiyar zamani ne. Aka shiga sabuwar gardama.

28/
Yaƙi ya ɓarke, Mar Samuel ya tafi da nasa Amurka, ya rasa mai saye. Ranar 1 ga Yuni 1954 sai ga 'yar talla a jaridar Wall Street Journal, cikin ƙananan tallace-tallace, wai ana sayar da littattafan Tekun Gishiri guda huɗu. Yigael Yadin, ɗan Sukenik, ya saye su ta hannun wakilai a kan dala 250,000. Mahaifinsa ya rasu a 1953, bai ga haɗuwarsu ba. A 1965 aka buɗe musu gida na musamman a gidan tarihin Isra'ila.

29/
Ga kamannin littafin Ishayan: fata 17 aka ɗinke, tsawonsa mita 7.34, rubutu a jere 54, kuma duka surori 66 suna ciki, in ban da 'yan wuraren da suka lalace. Akwai gyare-gyaren da aka yi a saman layi inda mai kwafi ya tsallake kalma, alamar an yi amfani da shi sosai. A 2021 masu bincike a Jami'ar Groningen ta Holan suka nuna da taimakon kwamfuta cewa mutum biyu ne suka rubuta shi, kowa rabi.

30/
Ta yaya aka san shekarunsa? Hanya uku. Salon haruffa ya nuna wajen 125 kafin haihuwar Yesu. Gwajin kabon, wanda ke auna tun yaushe dabbar da aka fiɗe fatar ta mutu, an yi shi a Zurich a 1991, aka sake a Arizona bayan 'yan shekaru, duka biyun suka ce kafin zamanin Yesu ne. Sannan tuluna da kuɗaɗen da aka tono a Kumran, wurin da Romawa suka rusa a shekara ta 68.

31/
To da aka kwatanta shi da Kundin Leningrad, tazarar fiye da shekara 1,000, me aka gani? Kada kowa ya ce muku harafi da harafi daidai suke, ba haka ba ne. An ƙirga bambance-bambance sama da 2,600. Amma galibinsu na rubutun kalma ne da nahawu, kamar wani ya rubuta "ƙwarai" wani "ƙwaray", ko ƙarin "da" a farkon jimla. Sura 53 tana nan: rainin, ɗaukar laifin wasu, shirun, mutuwar, kabarin, ɗaukakar.

32/
Bambanci mafi jan hankali a surar yana aya ta 11. Kwafin Masoret ya ce Bawan zai gani, bai faɗi abin da zai gani ba. Littafin Kumran yana da ƙarin kalma guda: haske. Wasu kwafi biyu na Kumran ma haka, Seftuwajin ma haka. Wanda aka binne a aya ta 9 zai ga haske a ta 11. Shi ya sa fassarori da yawa na zamani suka maido da kalmar. Duba naka ka gani.

33/
Daga 1947 zuwa 1956 an gano koguna 11, da guntayen littattafai sama da 900. An sami wani abu daga kowane littafin Tsohon Alkawari na Ibraniyanci ban da Esta. Ishaya kaɗai kwafi wajen 20. Waɗanda suka fi yawa su ne Zabura, Maimaitawar Shari'a da Ishaya, kuma suna cikin waɗanda Sabon Alkawari ya fi ambato. Mutanen Kumran su ma jira suke, har Almasihu biyu: firist daga Haruna da sarki daga Isra'ila.

34/
Akwai wani guntu mai lamba 4Q521. Yana maganar zamanin Almasihu, ya jero abin da Allah zai yi: buɗe idon makafi, warkar da masu rauni, ta da matattu, kai wa matalauta albishir. Yanzu buɗe Matiyu 11. Yahaya Mai Baftisma daga kurkuku ya aiko a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan. Amsar Yesu kusan jerin nan ne. Wato ya amsa da alamun da mutanen zamaninsa suka riga suka sani.

35/
Abin da fatar nan ta rufe: ba Kirista ne ya rubuta Ishaya 53 ba, ba kuma bayan gicciye aka cusa ta ba. Gani ya kori ji. Ko gardamar masana a kan wa ya rubuta surori 40 zuwa 55 ba ta taɓa wannan. Masu cewa Ishaya ne na ƙarni na 8, da masu cewa wani annabi ne a zaman bauta na Babila a ƙarni na 6, duka sun bar mu da fiye da shekara 500 kafin Yesu.

36/
Abin da ba ta rufe ba: tambayar ma'ajin Kandake. Fatar ba ta ambaci sunan Yesu ba. Mai shakka zai ce marubutan Linjila sun san nassoshin nan, suka tsara labari ya dace. Hawan jaki kam mutum zai iya shiryawa. Amma kisan ba a Linjila kaɗai yake ba: Tasitus, marubucin tarihin Roma da ba ya ƙaunar Kiristoci, ya ce Bilatus ne ya zartar da shi. A 1961 aka tono dutse mai sunan Bilatus a Kaisariya.

37/
Kuma in ƙirƙira za ka yi don Yahudawa da Romawa su bi ka, gicciye ne abu na ƙarshe da za ka zaɓa, mun gani a sama. Mu Kiristoci mun gaskata Bawan nan Yesu ne saboda abu biyu da suka haɗu: rubutun da ya riga shi, da shaidar mutanen da suka ce sun gan shi a raye suka kuma yarda a kashe su a kai. Na farkon ana auna shi a ɗakin gwaji. Na biyun shaida ce, kowa zai auna ta ya yanke.

38/
'Yan uwanmu Musulmi da ke bibiyar zaren nan, sannunku da haƙuri. Mun haɗu a kan laƙabin Almasihu da haihuwarsa ta wurin budurwa, mun rabu a kan gicciye, don Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya ce ba a kashe shi ba. Bambanci ne na gaske, ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Amma mun ga abin da ya faru a Paris da Barcelona da aka sa ƙarfi cikin muhawara. Mu yi tamu da hujja da ladabi.

39/
Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka daɗe a kai. Yau yana cikin wayarka kyauta. Tun 2011 kuma gidan tarihin Isra'ila da Google suka ɗora hoton littafin Ishayan nan a intanet, kana iya ja ka faɗaɗa har ka ga ɗinkin fatar. Abin da Orijin da Jerom ba su taɓa gani ba, yana aljihunka.

40/
Ayyukan Manzanni 17 ta yaba wa mutanen Biriya saboda ko Bulus da ya yi musu wa'azi, sai da suka riƙa komawa Littattafai kullum suna duba ko haka ne. Bangaskiyar gado da ba a bincika ba, tambaya ɗaya ke girgiza ta.

Aikin gida: yau da dare karanta Ishaya 52:13 zuwa 53:12, sannan Markus 14 zuwa 16. Ka yi wa kanka tambayar mutumin Merowe.

Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, ban da zagi. Allah ya ƙara mana fahimta. 🙏